FASHIN BAƘI: Abin da doka ta ce game da mallakar manyan harsasan soja a Najeriya

A ranar 18 ga Yulin 2021 wani jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet na Rundunar Sojin Saman Najeriya ya faɗo a yankin iyakar Zamfara da Kaduna, bayan 'yan bindiga sun yi masa ruwan wuta daga ƙasa. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya diro da lema ya tsira. Wata uku bayan haka jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta wallafa cewa an biya wani gungun 'yan fashin daji kusan naira miliyan 20 domin a karɓo wata bindigar kakkaɓo jiragen sama mai cin harsashi milimita 12.7 da ta faɗa hannunsu. Rundunar Sojin Sama ta ƙaryata labarin.

Tun daga lokacin manyan bindigogi suka shiga hirar yau da kullum a Arewa, kuma idan 'yan sanda suka gabatar da waɗanda suka kama, bindigogin ne idon jama'a ke fara sauka a kansu. Amma bindigar da babu harsashi sanda ce. Bindiga guda tana iya yin shekara arba'in tana aiki, harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi, don haka shi ne kayan da dole a yi ta sayowa, a yi ta ɗaukowa, a yi ta ɓoyewa. A taƙaice, dokar Najeriya ba ta bar wa farar hula wata hanya ta zahiri da zai mallaki harsashin manyan makaman soja ba. Sai dai yadda dokar ta faɗi hakan, da irin hukuncin da ta tanada, da wuraren da ta tsufa har ta fara yoyo, su ne abin da ya kamata a duba.

Mene ne babban harsashi?

Ana auna harsashi da faɗin cikin bututun bindigar da ke harba shi, da milimita ko da inci. Lamba ta biyu da ake haɗawa da ita tsawon kwanson ce. Bindigar AK-47 tana cin 7.62×39, wato faɗi milimita 7.62, kwanso milimita 39. Bindiga mai jigida ƙirar PKM tana cin 7.62×54, G3 kuma 7.62×51. Duk waɗannan ƙanana ne a ma'aunin soja.

Abin da jama'a ke kira harsashin kakkaɓo jirgi ya fara ne daga milimita 12.7, wanda ya yi daidai da rabin inci. Akwai na Rasha, 12.7×108, da bindigar DShK ke ci, akwai na ƙawancen NATO, 12.7×99, wanda Amurkawa ke kira .50 BMG. Sama da su akwai 14.5×114, sannan 23×152 na bindigar ZU-23 mai baki biyu da ake girkawa a bayan mota. Masana makamai sukan sanya duk abin da bai kai milimita 20 ba a rukunin ƙanana, daga 20 zuwa ƙasa da 57 matsakaita, daga 57 zuwa sama kuma manya, inda ake samun harsasan igwa da na tankar yaƙi da bama-baman mota masu milimita 60 da 81 da 120. A bakin mutane dai duk wanda ya fi na AK girma babba ne, kuma a nan ma haka za a ɗauke shi.

Bambancin ba na girma kaɗai ba ne. Harsashin AK yana da nauyin giram 16 ko kusa da haka, yana fita da ƙarfin da ya kai jul 2,000. Na milimita 12.7 ya haura giram 100, kuma ƙarfinsa ya ninka wancan sau takwas zuwa tara. Yana ratsa jikin mota da bangon bulo, yana kai wa abin da ke nesa da fiye da kilomita ɗaya da rabi. Da yawa daga cikin irin waɗannan ana ƙera su da ƙwayar ƙarfe mai huda sulke, ko da sinadarin da ke kama wuta, daga milimita 20 zuwa sama kuma galibi akwai abin fashewa a cikin kansu. Ke nan kowane ɗaya ƙaramin bam ne.

Dokar 1959 da rukunanta uku

Dokar da ake hukunci da ita har yau ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda aka yi tun kafin samun 'yancin kai, take kuma a matsayin babi na F28 a kundin dokokin tarayya na 2004. Ta raba bindigogi gida uku a jadawalin da ke ƙarshenta.

Rukuni na farko shi ne na haramtattu: igwa, duk na'urar da ke harba abin fashewa ko mai watsa iskar gas, makaman roka, bama-bamai da gurneti, bindigogi masu sarrafa kansu, bindigogin soja masu cin milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da inci .303, ƙananan bindigogin hannu irin su fistol da libarba, da kuma duk wata bindiga da ba a ambata a sauran rukunan biyu ba. Sashe na 3 ya ce babu mai riƙe ɗaya daga cikinsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, shi ma bisa ganin damarsa. Rukuni na biyu shi ne na bindigogin amfanin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda a ƙarƙashin sashe na 4. Na uku shi ne na bindigogin ɗuri irin su adaka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke iya taƙaitawa da amincewar gwamna.

Harsashi ba shi da lasisi nasa na kansa. Sashe na 8 ya ɗaure shi ne a jikin bindigar: babu wanda zai riƙe harsashin wata bindiga da ke cikin jadawalin, ko ya kasance a ƙarƙashin ikonsa, sai bisa sharuɗɗan lasisi mai aiki da aka ba shi a kan wannan bindigar. Saboda haka mai lasisin bindigar farauta yana da izinin harsashin farauta ne kawai. Idan aka samu harsashin AK guda ɗaya a aljihunsa, lasisinsa ba zai cece shi ba. Harsashin DShK kuwa sai wanda Shugaban Ƙasa ya ba lasisin riƙe DShK, abin da ba a yi wa ɗaiɗaikun mutane. Sojoji da 'yan sanda ne dokar ta keɓe, su ma a kan abin da aka ba su domin aikin hukuma kaɗai. Sojan da ya tafi hutu gida da kwalin harsasai ya fita daga inuwar wannan keɓewa.

Akwai abubuwa biyu a lafazin dokar da mutane da yawa ba su lura da su ba. Na farko, ma'anar harsashi a sashe na 2 ta haɗa da kowane ɓangare nasa. Idan aka bi lafazin yadda yake, kwanson da aka riga aka harba ɓangare ne na harsashi, don haka matashin da ya tsinci ƙaton kwanso bayan an yi artabu ya ajiye shi a ɗaki don ado, ko ya ɗauki hoto da shi ya ɗora a Facebook, ya ba mai gabatar da ƙara abin kamawa. Abubuwan da sashe na 8 ya cire kaɗan ne: albarushin bindigar ɗuri a wuraren da ba a taƙaita ta ba, ƙwayoyin dalma da ake amfani da su wajen awo, da harsasan da ba su da ƙwaya matuƙar faɗinsu bai wuce santimita 2.54 ba.

Na biyu, dokar ba ta tsaya a kan mai kaya ba, ta haɗa da wanda kayan ke ƙarƙashin ikonsa. Direban da aka ɗora wa buhu, da mai gidan da aka ba ajiya, da mai shagon da aka ce a bar kwali zuwa gobe, duk suna iya samun kansu a gaban alƙali suna ƙoƙarin nuna cewa ba su san abin da ke ciki ba. Abin da kotuna suka saba nema daga mai gabatar da ƙara abu uku ne: an samu abin a hannun wanda ake tuhuma, abin yana cikin ma'anar da doka ta bayar, kuma ba shi da lasisi. Ba a buƙatar a nuna cewa ya yi niyyar harbin kowa.

Hukuncin bindiga da hukuncin harsashi

A nan ne dokar ta nuna shekarunta. Sashe na 27 ya tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ga wanda aka samu da haramtacciyar bindiga, haka ma mai shigo da irin waɗannan makamai ko harsasansu ba bisa ƙa'ida ba, da mai ƙera su. Amma saɓa wa sashe na 8, wato riƙe harsashi, ɗauri ne da bai wuce shekara 5 ba. Dokar ba ta bambanta guda ɗaya da guda dubu ba, ba ta kuma bambanta harsashin harbin zabo da na kakkaɓo jirgi ba. Wanda aka kama da tsohuwar fistol mai tsatsa zai fara lissafi daga shekara 10, wanda aka kama da buhun harsasan milimita 12.7 kuwa, idan da wannan sashe kaɗai aka tuhume shi, lissafinsa a 5 zai tsaya. Ga duk wanda ya san yadda ake yaƙi a dazukan Zamfara da Katsina da Neja, wannan ma'auni a kife yake, domin mai kai harsashi shi ke ciyar da yaƙin.

Masu gabatar da ƙara suna da wasu sandunan. Dokar Fashi da Makami da Bindigogi, wadda ta samo asali daga dokar soja ta 1984, ta faɗaɗa ma'anar bindiga har ta haɗa da harsashi da abin fashewa, ko a haɗe ko a warwatse, ta kuma tanadi ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Sai dai ta buɗe wata ƙofa: alƙali na iya yanke tarar naira 20,000 a maimakon ɗaurin, ko ya haɗa duka biyu. A 1984 wannan kuɗi ne mai yawa. A yau bai kai kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi ba.

Sanda mafi nauyi ita ce Dokar Hana Ta'addanci ta 2022, wadda ta ɗauki samar wa ƙungiyar ta'addanci makamai ko kayan aiki a matsayin tallafi, da ɗaurin da ke farawa daga shekara 20. Tun da Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindiga a matsayin na ta'addanci a Nuwamban 2021, gwamnati kuma ta buga hakan a jaridarta ta hukuma a Janairun 2022, mai kai musu harsashi yana iya faɗawa ƙarƙashinta. Amma wannan tuhuma tana buƙatar hujjar cewa ya san inda kayan za su, kuma a nan ne bincike mai rauni ke zubar da shari'a. Sakamakon haka shi ne, mutum biyu da aka kama da kaya iri ɗaya suna iya samun hukunci mai nisan tazara, gwargwadon dokar da ɗan sanda ko lauyan gwamnati ya zaɓa ya rubuta a takardar tuhuma.

Shari'ar da ta fi fito da wannan fili ita ce ta kwantenoni 13 da aka kama a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Oktoban 2010. An rubuta a takardunsu cewa kayan gini ne, sai aka tarar da rokoki masu milimita 107, da bama-baman mota, da gurneti, da harsasai, duk daga Iran. Lamarin ya kai har Gambiya da Senegal suka yanke hulɗar jakadanci da Tehran. A Mayun 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa wani ɗan Iran, Azim Aghajani, da abokin harkarsa ɗan Najeriya ɗaurin shekara 5 kowanne. Kayan da za su ishi rundunar mayaƙa guda, hukuncin kuma bai kai abin da mai karanta sashe na 27 zai yi tsammani ba.

Gurbin da ke cikin jadawalin

Jerin bindigogin soja da dokar ta lissafa hoton rumbun makamai ne na wani zamani da ya shuɗe. Inci .303 na bindigar Lee-Enfield ce ta sojojin Ingila. Babu milimita 5.56 a jerin, alhali shi ne harsashin M16 da Tavor da wasu rundunonin ƙasar nan ke riƙewa yanzu, babu kuma 12.7. Sannan rukuni na biyu ya fassara bindigar wasanni da cewa ita ce duk doguwar bindiga mai cin wani ma'auni da ba waɗancan huɗu ba. Idan aka bi lafazi zalla, doguwar bindigar gwanayen harbi mai milimita 12.7 wadda ba ta sarrafa kanta za ta faɗa rukunin da Sufeto Janar ke iya ba wa lasisi, tare da bindigar harbin gada.

A aikace wannan gurbi bai buɗe wa kowa hanya ba. Sashe na 6 ya ce lasisi ba haƙƙi ba ne, ana iya hana shi, ya kuma haramta bayar da shi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka taɓa samu da laifin tashin hankali a cikin shekara biyar da suka gabata. Rundunar 'yan sanda ma ta sha nanata cewa ta dakatar da bayar da sababbin lasisi, kamar yadda Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya bayyana a 2023. Duk da haka, abin da ke tsare ƙofar ganin damar jami'i ne, rubutacciyar doka ba ta rufe ta ba. A Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a Dokar Taƙaita Ƙanana da Matsakaitan Makamai, wadda ta ba cibiyar da aka kafa a 2021 ƙarƙashin Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro gindin zama a doka. Cibiyar tana tattara makaman da aka ƙwace tana lalata su, amma tuhume-tuhumen da ake kai wa kotu har yanzu suna jingina da dokar 1959.

Gwamna ba shi da wannan iko

Duk lokacin da hare-hare suka tsananta, sai a ji wani babba ya ce jama'a su kare kansu. Janar T. Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a Maris ɗin 2018, Aminu Bello Masari ya faɗa yana gwamnan Katsina a 2021. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta wuce nan, ta ce za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowace masarauta cikin masarautu 19 na Zamfara. Ba a jima ba Kwamishinan 'Yan Sandan jihar ya ce takunkumin bayar da lasisi yana nan, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, kuma ya ce gwamna ba shi da hurumin bayar da wannan umarni. A shekarar ce Samuel Ortom na Binuwai da Rotimi Akeredolu na Ondo suka nemi a bar rundunonin tsaron jihohinsu su riƙe AK-47, ba a ba su ba.

Dalilin yana cikin Kundin Tsarin Mulki na 1999. Makamai da harsasai da abubuwan fashewa su ne abu na biyu a jerin al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Majalisar jiha na iya kafa rundunar sa-kai, ta saya mata babura da kaki, amma ba ta iya halatta mata harsashin soja. Haƙƙin kare kai kuwa yana nan a sashe na 33 na kundin da kuma dokar Final Kod, sai dai kariya ce ga abin da mutum ya aikata a lokacin da aka kawo masa hari, ba ta wanke shi daga laifin ajiye makamin da ya yi amfani da shi. Mutumin ƙauyen da ke fuskantar masu bindiga mai jigida da adaka a hannunsa yana da hujjar jin cewa dokar ta ɗaure masa hannu ta bar maharinsa. Wannan koke gaskiya ne, kuma amsarsa tana wuyan gwamnatin da ta keɓe wa kanta makami ta kasa isowa da shi a kan lokaci.

Yarjejeniyoyin waje

Ko da majalisa ta so sassautawa, akwai alƙawarin da ƙasar ta ɗauka. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙanana da matsakaitan makamai da harsasansu, wadda aka sanya wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yunin 2006 ta kuma fara aiki a 2009, ta wajabta wa ƙasashe a sashe na 14 su haramta wa farar hula mallaka da amfani da sayar da matsakaitan makamai. A ma'anarta waɗannan sun haɗa da manyan bindigogi masu jigida, da na kakkaɓo jirgi da ake iya ɗauka, da na harba gurneti, da bindigogin mota da ba su kai milimita 100 ba. Ta kuma nemi a riƙa yi wa harsasai alamar da ke nuna masana'anta da ƙasa da shekarar ƙira da lambar rukuni. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar, wadda ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, ta raunana musayar bayanai a kan iyakar da ta fi kowace muhimmanci ga Sakkwato da Zamfara da Katsina. Yarjejeniyar Cinikin Makamai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Najeriya ta riga kowace ƙasar Afirka amincewa da ita a 2013, ta shafi fitar da harsashi daga ƙasa zuwa ƙasa ne, ba ta taɓa batun mallaka a cikin gida ba.

Inda aka halatta

Bidiyoyin da matasa ke gani a YouTube na fararen hula suna harba manyan bindigogi a fili yawancinsu daga Amurka ne, kuma a can halal ne. Dokar tarayyar Amurka ta ja layinta a kan rabin inci. Bindigar .50 BMG tana kan layin daidai, don haka ana ɗaukarta kamar kowace doguwar bindiga, harsashinta kuma wanda ya kai shekara 18 na iya saya a shago matuƙar ba ya cikin waɗanda aka haramta wa, kamar masu tsohon babban laifi. Abin da ya haura rabin inci, in ban da bindigogin farauta, yana shiga rukunin da dokokin 1934 da 1968 suka ware wa makaman ɓarna: sai an yi rajista da hukumar ATF, an binciki mutum, an biya harajin dala 200. Harsashin milimita 20 mai ƙwayar ƙarfe zalla ba ya buƙatar rajista. Wanda ke ɗauke da abin fashewa da ya wuce rubu'in oza, kimanin giram 7, shi kansa makamin ɓarna ne, kowane guda da rajistarsa da harajinsa. Jihohi na iya tsanantawa, kamar yadda Kalifoniya ta hana sayar da bindigogin .50 BMG daga farkon 2005.

Maƙwabtan Amurka ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan sassauci. A Yunin 2020 'yan wata ƙungiyar masu safarar miyagun ƙwayoyi sun yi wa shugaban 'yan sandan birnin Meziko, Omar García Harfuch, kwanton ɓauna da makaman da suka haɗa da bindigogi ƙirar Barrett masu cin .50, ya tsira da raunuka. Gwamnatin Meziko ta kai kamfanonin ƙera bindigogi na Amurka ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta yi watsi da ita a Yunin 2025. Kanada kuwa a Mayun 2020 ta haramta duk bindigar da bakinta ya kai milimita 20 ko ƙarfin harbinta ya wuce jul 10,000. Wannan salo na auna ƙarfi a maimakon lissafa lambobi shi ne abin da jadawalin Najeriya ya rasa, domin ba ya tsufa idan an ƙirƙiro sabon ma'auni.

Daga ina suke fitowa?

Maƙerin ƙauye na iya haɗa bindiga, amma harsashin milimita 12.7 sai masana'anta, kuma galibin masu sayensa a hukumance gwamnatoci ne. Saboda haka galibin waɗanda ake gani a daji sun taɓa zama a rumbun wata gwamnati. Wasu sun tsallako ne daga rumbunan Libiya da suka watse bayan 2011, wasu an kwashe su ne a sansanonin da aka mamaye a yankin Tafkin Chadi, wasu kuma sayar da su aka yi.

Hukumomi da kansu sun amsa wannan na ƙarshe. A Satumban 2016 Irabor, yana kwamandan yaƙin Arewa maso Gabas a lokacin, ya ce akwai sojojin da ke sayar wa Boko Haram makamai da harsasai. A Oktoban 2024, wajen lalata makamai sama da 2,400 a barikin Giri da ke Abuja, Nuhu Ribadu ya ce kaso mai yawa na makaman da ke hannun miyagu asalinsu na gwamnati ne. A Satumban 2025 wata kotun soja a Maiduguri ta yanke wa sojoji uku ɗaurin rai da rai, na huɗu kuma shekara 15, a kan safarar makamai da harsasai. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce makamai da harsasai 178,459 ne ba a san inda suke ba a ma'ajiyar 'yan sanda zuwa Disamban 2018, ciki har da AK-47 guda 88,078, alƙaluman da rundunar ta musanta daga baya. Waɗanda aka fi nunawa a gaban kyamara dai su ne 'yan aike, sau da yawa mata da direbobi, da harsasai a cikin jarkar manja ko buhun hatsi. Ba kasafai ake jin lambar rukunin da ke jikin kwanson ta kai masu bincike ga ma'ajiyar da aka fitar da shi ba.

Wanda ya tsinta

Ba duk mai riƙe da irin wannan kaya ne ɗan safara ba. Manoman da suka koma gonakinsu a Borno da Yobe suna tono harsasan igwa da bama-baman da ba su fashe ba, masu sana'ar gwangwan kuma suna kallonsu a matsayin tagulla da ƙarfe. A Yulin 2023 Gwamna Babagana Zulum ya haramta sana'ar tsintar ƙarafa a Borno. A Kudu maso Gabas ragowar yaƙin basasa ta kai ga shari'a a Kotun ECOWAS, inda a 2017 gwamnatin tarayya ta amince da biyan naira biliyan 88, daga ciki biliyan 38 na kwashe bama-baman da suka rage a ƙasa ne. Tsohon harsashi mai abin fashewa yana ƙara haɗari da tsufa da zafi, kuma ko a hannun ƙwararru yana kuɓucewa: fashewar rumbun makamai na barikin Ikeja a ranar 27 ga Janairun 2002 ta ci rayuka sama da 1,000, mafi yawansu a magudanar ruwan Oke-Afa suka nutse suna gudu. Wanda ya ci karo da irin wannan abu, abin da ya fi masa a doka da kuma lafiyarsa shi ne kada ya taɓa, ya nisanta mutane daga wurin, ya sanar da 'yan sanda ko sojoji ta hannun mai unguwa ko dagaci. Ɗaukarsa zuwa ofishin 'yan sanda da hannu yana jefa shi cikin haɗarin biyu a lokaci guda.

Wanda kuma ya riga ya tara, hanyar da aka taɓa buɗe masa ita ce afuwa, kuma afuwar laifin tarayya ta Shugaban Ƙasa ce a ƙarƙashin sashe na 175. Da ita Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi amfani a ranar 25 ga Yunin 2009 ga tsagerun Neja Delta. Zuwa rufewar wa'adin a ranar 4 ga Oktoba, alƙaluman hukuma sun nuna an miƙa bindigogi kusan 2,760 da harsasai kusan 287,000. Idan aka raba, kowace bindiga ta zo da harsashi ɗari da 'yan kai, abin da DShK ke harbawa cikin daƙiƙa goma sha ɗaya.